Shin Har Yanzu Ana Gane Kamfanin Ganga da Jin Amonta?

Tambaya: Ina da ƙaramin situdiyo na ɗaukar waƙa, kuma ina tara kuɗin sayen saitin ganguna irin na Turawa. Wasu tsofaffin makaɗa sun ce mini gangunan da, irin su Ludwig da Gretsch da Rogers na shekarun 1950 da 1960, kowacce da muryarta, har mutum kan gane kamfanin da ya yi ta ko da idonsa a rufe, amma na zamani duk bakinsu ɗaya, tambari ne kawai ya raba su. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya jawo haka, kuma ya dace in ƙara kuɗi in nemi tsohuwa?

Amsa: Malam, maganar da dattawan nan suka faɗa maka tana da tushe, sai dai dalilin da aka saba bayarwa bai gamsar da ni ba. Akan ce icen da ya fi na yanzu kyau, ko kuma ma'aikatan da sun fi na yau iya hannu. A nawa ganin, abin da ya ba kowane tsohon kamfani muryarsa shi ne hanya ɗaya tak yake bi wajen haɗa ganga, kuma ya yi shekara da shekaru a kanta, tun daga irin icen, da kaurinsa, da yadda ake gyara bakin gangar, har zuwa zoben ƙarfen da ke danne fata. Kamfanin yau kuwa ya iya dukkan hanyoyin, kuma dukkansu yana sayarwa. Saboda haka muryoyin ba su ɓace ba, sun dai daina bin sunan kamfani, sun koma bin samfuri.

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata a san abin da ke haifar da amo a ganga. Kaso mafi girma na abin da kunne ke ji daga fata yake fitowa, da yadda aka ɗaure ta, da faɗi da zurfin gangar. Bayan waɗannan sai bakin ganga, wato gefen icen da fata ke kwanciya a kansa. Idan bakin mai kauri ne kuma an kewaye shi ya yi santsi, fata tana taɓa ice da yawa, sai icen ya shanye wani ɓangare na ƙarar sama, amo ya fito da kauri da taushi, ya kuma mutu da wuri. Idan an fiƙe bakin ya yi tsini, yawanci a kan kusurwar digiri 45 kamar yadda ake yi yanzu, fata ba ta taɓa ice sai a ɗan siririn layi, sai amo ya fito da kaifi, ya kuma daɗe yana ja. Sannan akwai nauyin zoben ƙarfe, da yadda aka rataye gangar. Irin icen yana da tasiri, amma yana zuwa ne a bayan duk waɗannan, ko da yake shi ne 'yan talla suka fi yawan ambata.

Mu ɗauki Ludwig, wanda 'yan'uwa biyu, William da Theobald Ludwig, suka kafa a Chicago ta Amurka a 1909, suka kuma fara suna da fedar ƙafa ta buga babbar ganga. A mafi yawan shekarun 1960 jikin gangarsu falle uku ne na ice da aka manne: mahogani a waje, fofla mai taushi a tsakiya, mahogani a ciki. Da yake falle uku ba shi da ƙarfin riƙe da'ira shi kaɗai, sai su manna ɗamarar icen mapul a ciki, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, su kewaye bakin, su shafe cikin da farin fenti. Wanda ya cire fatar irin wannan ganga ya bi bakinta da yatsa zai ji ɗan tudu a inda allon ya haɗu, domin a lokacin har da ledar adon waje ake cusawa cikin mahaɗar kafin a manne. A ma'aunin masana'antar yau wannan aibi ne, amma ice mai taushi da jiki marar kauri da baki mai faɗi su ne suka haɗu suka ba da amon nan mai kauri, mai gajeren numfashi, wanda ake kira muryar Ludwig. Mahoganin da aka yi amfani da shi a gangunan Amurka da Ingila na wancan zamani sau da yawa na Afirka ne, ɗan'uwan madacin da muka sani, domin asalinsu guda ne a jinsin itatuwa.

Gretsch, wanda Friedrich Gretsch ya kafa a Brooklyn a 1883, ya bi wata hanya dabam. Daga tsakiyar shekarun 1950 ya koma jiki mai falle shida na mapul da switgom, babu ɗamara a ciki ko ɗaya, bakin a kan digiri 30, cikin a shafe da fenti ruwan azurfa, sannan a danne fata da zoben ƙarfe na zubi, mai nauyi da tauri, wanda ba ya lanƙwasa idan an ɗaure. Zobe mai nauyi yana hana fata yawan rawa a gefe, sai amon ya tattaru wuri ɗaya, ya bushe, sanda ta fito sarai. Irin wannan ganga tana jure ɗauri mai tsanani ba tare da ta shaƙe ba, kuma wannan ne abin da makaɗan jaz na New York suke so, waɗanda ke aiki da babbar ganga mai inci 18 ko 20 a ƙananan gidajen rawa. Max Roach, Art Blakey, Philly Joe Jones, Elvin Jones da Tony Williams duk Gretsch suka buga, kuma kamfanin bai yi sanya ba wajen jera hotunansu a tallansa.

Slingerland, shi ma na Chicago, ya yi suna ne da makaɗin jaz Gene Krupa tun daga 1936, da kuma siniyarsa Radio King, wato ƙaramar gangar nan mai wayoyi shimfiɗe a ƙarƙashinta, wadda jikinta allo guda ne na mapul da aka lanƙwasa da tururi. Rogers ya fara ne a 1849 a matsayin mai gyaran fatun ganga, kuma lokacin da masana'antarsa ke Covington ta jihar Ohio ya sha gaban kowa wajen ƙarafan rataya na Swiv-o-Matic da siniyar Dyna-Sonic. Bakin gangunansa ya fi na Ludwig tsini, shi ya sa amonsu ya fi kusa da abin da kunnen yau ya saba ji. A Turai, Premier na Ingila ya dogara da birci da mahogani, Sonor na Jamus kuma, wanda aka kafa a 1875, ya rungumi icen bici mai nauyi, har a shekarun 1970 yana yin jiki mai falle tara wanda ɗaukarsa ma aiki ne.

Akwai wani abu a nan da ke karya hujjar masu cewa sirrin yana cikin ice. Ludwig da Slingerland su ke lanƙwasa icensu da kansu, amma Gretsch sayo jikin gangunansa yake yi daga wani kamfanin katako mai suna Jasper a jihar Indiana, kuma Rogers da wani kamfanin ganga mai suna Camco su ma sun sayi nasu daga Jasper, daga baya kuma daga Keller na jihar New Hampshire. Masana'anta ɗaya ce take ba abokan hamayya uku jiki, kowa bisa tsarin da ya nema, amma babu mai kunne da zai ce Rogers da Gretsch murya ɗaya gare su. Abin da ya raba su shi ne yawan falle, da ɗamara ko rashinta, da kusurwar baki, da zobe. Wannan tsari kuwa ba asiri ba ne, duk mai ma'auni zai iya auna shi, duk mai inji zai iya maimaita shi, kuma an maimaita.

Wani abin da ake mantawa shi ne fata. Har zuwa tsakiyar shekarun 1950 fatar maraƙi ake sa wa waɗannan ganguna, kuma duk wanda ya taɓa ganin makaɗi yana shanya gangarsa a rana ko yana gasa ta a gefen wuta da damina ya san halin fatar dabba: danshi ya sassauta ta, zafi ya ɗaure ta. Chick Evans a 1956 da Remo Belli a 1957 ne suka kawo fatar roba kasuwa, kuma cikin 'yan shekaru ta mamaye ko'ina. Bakin ganga mai faɗi gado ne daga zamanin fatar maraƙi, wadda da ta ji danshi take bin kowane irin baki ta zauna daram, ko da bai daidaita ba. Fatar roba ba ta da wannan haƙuri, tana buƙatar baki madaidaici da da'ira sahihiya, kuma ita ce ta tilasta wa kamfanoni su gyara aikinsu. Yau mafi yawan saitunan ƙwarai suna ɗauke da fatar kamfanin Remo ko Evans ko Aquarian. Idan ɓangaren da ya fi kowane tasiri a amo daga hannun kamfanoni uku yake fitowa, ba abin mamaki ba ne a ji gangunan suna kama da juna a ɗakin sayarwa.

Sai kuma batun faifai, wanda nake ganin nan ne dattawanka suka fi ruɗuwa, kamar yadda yawancinmu muke yi. Muryar da muke danganta wa kamfani, a faifai muka ji ta, kuma faifai ya ƙunshi hannun makaɗi, da ɗaki, da makirfo, da injiniya. Abin da ake kira muryar Gretsch ta jaz ya haɗa da farantan tagulla da ake bugawa tare da ganguna, na K Zildjian, da ake ƙerawa da hannu a Istanbul a wancan lokacin, waɗanda Gretsch ɗin ne ke shigo da su Amurka, ya kuma haɗa da ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder a New Jersey, inda aka ɗauki ɗimbin waɗannan faya-fayan. Ringo Starr, makaɗin gangar ƙungiyar Beatles, ya bayyana da Ludwig a shirin talabijin na Ed Sullivan ranar 9 ga Fabrairu, 1964, a gaban masu kallo kusan miliyan 73, sunan kamfanin a rubuce a fuskar babbar gangarsa, kuma daga nan oda ta yi wa masana'antar yawa har ta koma aiki dare da rana. Amma a shekarunsa na baya da Beatles, Ringo kan shimfiɗa tawul a kan gangunan don ya kashe amonsu. John Bonham na ƙungiyar Led Zeppelin shi ma Ludwig ya buga, da babbar ganga mai inci 26 da fata a ɗaure tamau, kuma sanannen amonsa mai kama da tsawa an ɗauke shi ne a 1971 a zauren wani tsohon gida mai suna Headley Grange, da makirfo biyu da aka rataye daga saman bene. Tambari ɗaya ne a jikin gangunan mutanen biyu, amma ba wanda zai ce amonsu ɗaya. Makaɗin jaz Buddy Rich kuwa ya yi zamani da Slingerland, ya yi da Ludwig, ya yi da Rogers, kuma a duk inda ya zauna hannunsa ake fara ganewa kafin a tambayi gangar.

Canjin ya zo ne ta hanya biyu. Ta farko ita ce sayar da kamfanonin: CBS ya sayi Rogers a 1966 ya mayar da shi California, Baldwin ya sayi Gretsch a 1967 ya kwashe aikin daga Brooklyn zuwa Arkansas, Selmer ya sayi Ludwig a 1981 kuma bayan shekara uku aka koma Monroe a North Carolina. Kowace ƙaura tana tafiya da sauyin ma'aikata da injina da wani lokacin tsarin jikin kansa. Ludwig ma tun a tsakiyar shekarun 1970 ya bar falle uku ya koma falle shida marar ɗamara, domin kiɗan rok na manyan filaye yana neman ƙara. Ta biyu ita ce Japan. A shekarun 1960 Pearl da Hoshino, wanda ya raɗa wa gangunansa suna Tama a 1974, suna yin ganguna masu araha da icen luwan na Filifin, ana manna musu sunaye barkatai a kasuwar Amurka. Kafin shekara 20 sun zo da ƙarafan tsayawa masu ƙarfi da aiki mai tsabta wanda tsofaffin kamfanonin Amurka suka kasa kamowa. Yamaha, da ya fara ganga a 1967, ya fito da Recording Custom na icen birci, mai dogayen maɗaurai, wato ƙarafan jikin ganga da ake ɗaure fata a kansu, daga sama har ƙasa, da fenti irin na fiyano, kuma a hannun makaɗin situdiyo Steve Gadd wannan saiti ya zama ma'aunin amon situdiyo na shekarun 1980. Ina ganin shi ne saiti na ƙarshe da duniya ta yarda cewa sunan kamfani da murya ɗaya sun zama abu guda.

Daga nan dabarun suka zama na kowa. Ana jera falle sirara a cikin mazubi mai zafi, mahaɗar kowane falle a wuri dabam, a matse su da ƙarfi, sai jiki ya fito da'ira cif ba tare da ɗamara ba. Injin da kwamfuta ke sarrafawa ne yake yanka baki da huda ramuka. A wajajen 1980 Gary Gauger ya fito da hanyar rataye tom, wato gangar da ke bisa babbar ganga, ba tare da an huda jikinta an cusa ƙarfe ba, mutane suka ji yadda amo ke buɗewa, kuma cikin 'yan shekaru kowane kamfani ya yi irin tasa. Da kowa ya koma mapul ko birci mai falle shida zuwa takwas, da baki digiri 45, da rataya marar huda, dole amon ya taru wuri ɗaya. Ingancin ya ƙaru ƙwarai, domin saiti mai matsakaicin farashi na yau ya fi mafi yawan na 1965 daidaito da sauƙin ɗauri, amma bambancin da ke tsakanin kamfanoni ya ragu.

Dubi kamfanin DW, wato Drum Workshop, wanda Don Lombardi ya fara a 1972 a matsayin makarantar koyon kiɗa a California, ya kuma sayi injinan Camco a 1977, inda ya gaji maɗauran nan masu siffar da'ira da ake gane gangunansa da su daga nesa. A jerin kayansa akwai Classics, mahogani da fofla da ɗamarar mapul, wato tsarin tsofaffin gangunan Chicago. Akwai Jazz, mapul da switgom da zoben zubi, wato tsarin Gretsch. Ga kuma nasa na mapul zalla. Wacce ce muryar DW a ciki? Pearl ya wuce nan a samfurinsa Reference, inda kowace ganga a saiti ɗaya take da nata haɗin ice da nata baki gwargwadon girmanta. Mallakar kamfanonin ma ta cakuɗe: DW ya sayi sunan Slingerland daga Gibson a 2019, Roland na Japan ya sayi DW a 2022, Sonor da Mapex kuma duk suna ƙarƙashin KHS na Taiwan. Gretsch Catalina da ake yi a Asiya da Gretsch USA Custom da ake haɗawa a Ridgeland ta South Carolina tambarinsu ɗaya, amma tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanin Catalina da takwararta ta wani kamfani mai farashi ɗaya. Abin da ya rage wa tambari a yau yawancinsa na ido ne: siffar maɗauri, da bajon da ke jikin ganga, da launi, da fitattun makaɗan da ake biya ko ake ba kaya su zauna a bayansa.

Duk da haka ba zan ce komai ya narke ba. Gretsch USA Custom har yanzu yana kan falle shida, da digiri 30, da zoben zubi, da fentin azurfa, ko da yake Jasper ya rufe tun farkon shekarun 2000, kuma kunnen da ya saba zai gane shi. Siniyar Ludwig Supraphonic, mai jikin alminiyam marar mahaɗa da ɗan tudu zagaye da tsakiyarta, ana yin ta kusan yadda ake yi tun shekarun 1960, kuma tana cikin siniyoyin da aka fi ɗauka a faifai. A ƙaramar gangar nan ce asalin kamfani ya fi tsira, domin jikin ƙarfe da tsarin wayoyi ba su sauya sosai ba. Su kansu kamfanonin sun gane cewa tsohuwar murya kuɗi ce, shi ya sa Ludwig ya dawo da falle uku a samfurin Legacy, Gretsch ya dawo da Broadkaster, Sonor kuma ya fito da Vintage na icen bici mai kewayayyen baki. Waɗannan sababbin tsofaffi suna ba da kusan amon da, tare da da'ira sahihiya da ƙarafan da ba sa zamewa a tsakiyar kiɗa.

Game da sayayyarka, ba zan ba ka shawarar ka sa dukiyarka a tsohon saiti ba idan shi ne zai zama saiti ɗaya tilo a situdiyon. Tsohuwar ganga tana da murya mai daɗi amma kewayonta ƙanƙane ne, kuma mai situdiyo yau zai ɗauki waƙar biki, gobe ta coci ko ta talla, jibi wani abu dabam. Ga kuma matsalolin shekaru: ɗamara tana ɓanɓarewa daga jiki idan gam ya bushe, kuma bushewar hunturu ba ta raga wa tsohon ice, maɗauran tagulla na Rogers na farkon shekarun 1960 suna tsagewa, wasu tsofaffin Gretsch sun ɗan fi ma'auni faɗi har fatar zamani takan matse, tsofaffin Premier kuwa wasunsu ba a kan ma'aunin inci na duniya aka yi su ba, sai an nemo musu fata ta musamman, abin da zai wahalar da kai a kasuwarmu. Idan ka ci karo da ɗaya a wurin masu kayan gwanjo kuma ranka ya biya, ka cire fata tukuna, ka auna faɗin jikin ta fuska uku ko huɗu ka ga ko ya bar da'ira, ka kife shi a kan gilashi ko tebur mai santsi madaidaici ka haska tocila daga ciki ka ga ko haske na fita ta ƙarƙashin baki, ka kuma duba ko an huda ƙarin ramuka, domin ramin da ba na asali ba yana karya daraja da farashi.

Abin da zan yi da a ce ni ne kai shi ne in sayi saitin zamani mai matsakaicin farashi, na mapul ko birci, daga kowane cikin manyan kamfanonin, babbar ganga inci 20 ko 22, in bar rarar kuɗin ga siniya mai kyau guda ɗaya, da farantai na ƙwarai, da fatu iri biyu. Farantai ba a ɗaure su ko a sassauta, yadda ka saye su haka za su mutu, saboda haka a nan ne rowa ta fi cutarwa. Ranar da mawaƙi ya nemi tsohon amo, ka sa farar fata mai falle ɗaya mai kaushi sama da ƙasa, ka rage ɗauri kaɗan, ka ratsa ƙyallen ulu a bayan fatar babbar ganga maimakon cusa mata matashi, ka ja makirfo baya ka rage yawansu zuwa uku ko huɗu, ka bar ɗakin ya shiga cikin sautin.